Gishiri, jan ƙarfe da kunkunniya: abin da ke ɓoye a cikin bututun bindiga

Duk ma'aikacin da ke shiga Sakatariyar Tarayya a Abuja da safe yakan wuce ta gaban bindiga fiye da ɗaya kafin ya kai teburinsa. Wata tana rataye a kafaɗar ɗan sandan ƙofa, wata a hannun jami'in sibil difens, wata kuma tana kwance a kan cinyar mai tsaron da ke kujerar gaban motar maigida. Abin da ido ke gani bayanta ne kawai: katakon da ya sha hannu har ya yi sheƙi, da ƙarfen da baƙinsa ya koɗe. Lafiyar bindiga kuwa tana cikin wani rami ne da faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba, wanda ba mai leƙa shi sai mai riƙe da ita da jami'in da ke kula da ma'ajiyar makamai.

A bindigar AK-47, wadda ta fi kowace yawa a hannun jami'an tsaron ƙasar nan, tsawon bututun milimita 415 ne, kuma an tsaga wa cikinsa layuka huɗu masu murɗewa daga gindi zuwa baki. Su ne ke kama jikin harsashi su juya shi kamar katantanwa domin ya tafi a miƙe. Kowane harbi yana fitar da harsashin da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa guda, ga wuta da iska mai tsananin matsi a bayansa. Harsashi ya tafi, amma yakan bar datti iri-iri, kuma kowane iri da ruwan da ke narkar da shi. Wanda bai san dattin da ke cikin bututunsa ba yana iya shafe sa'a guda yana goga da kwalba mai tsada, ya mayar da bindigar ma'ajiya hankali kwance, ya dawo bayan kwana uku ya tarar tsatsa ta riga shi.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne kunkunniyar albarushi, wato baƙin hayaƙin da ke manne wa ƙarfe. Idan sabuwa ce, kusan kowane ruwan wankin bindiga mai kananzir a ciki yana ɗauke ta. Sai an bar ta ta taru, wutar harbi ta yi ta gasa ta, sannan take daskarewa ta zama kamar ƙanzon tukunya, musamman a ɗan tsakanin mazaunin harsashi da farkon layukan.

Sai jan ƙarfe. Yawancin harsasan bindigogin soja suna da riga ta jan ƙarfe da aka gauraya da ɗan tutiya, ko kuma ta baƙin ƙarfe da aka shafe da jan ƙarfe. Duk lokacin da harsashi ya wuce, yakan goge wani ɗan abu daga rigar ya bar shi a jikin layukan. Kaɗan ba ya cutarwa. Idan ya yi kauri ne harsasai ke fara warwatsewa daga inda aka saita su. Kananzir ba ya taɓa shi, mai ma haka. Dalma kuwa ta fi damun ƙananan bindigogin da ke harba harsashi marar riga, da bindigogin farauta masu harba ƙwayoyi, waɗanda kuma kan tara tarkacen roba daga matoshin da ke cikin kwanso.

Na huɗun shi ne wanda ido ba ya gani, kuma shi ya fi kashe bututu.

Gishirin da mai ba ya wankewa

A gindin kowane kwanso akwai wata 'yar hula mai ɗauke da sinadarin da ke kama wuta idan allurar bindiga ta doke ta. Ita ce ƙyastun harsashi. Shekaru da dama, tun daga ƙarni na goma sha tara, ana haɗa wannan ƙyastu da sinadarin fotasiyam kuloret, saboda yana daɗewa a ajiye bai lalace ba, ko a zafi ko a sanyi. Matsalarsa ita ce idan ya ƙone yakan koma fotasiyam kuloraid, wanda ɗan'uwan gishirin miya ne. Iskar harbi tana watsa shi ko'ina: cikin bututu, mazaunin harsashi, fuskar sakata, da duk hanyar da iskar ke bi. Idan akwai danshi a iska, gishirin yakan jawo shi ya zama ruwan gishiri a kan ƙarfe tsirara. Duk matar da ta taɓa barin gishiri a cikin gwangwani da damina ta san abin da ke biyo baya.

An daɗe ba a gane wannan ba. Sojoji kan goge bututu ya yi tas, su shafa mai, sannan tsatsa ta ɓullo daga ƙarƙashin man. Bayanin da aka fi yarda da shi a lokacin shi ne wai ƙarfe yana shanye iskar albarushi mai tsami, daga baya ya riƙa fitar da ita kamar gumi. Wani masanin sinadarai na Hukumar Ma'adinai ta Amurka, Wilbert Huff, shi ya warware zancen a binciken da aka buga a shekarar 1922. Ya nuna cewa gishirin ƙyastu ne mai laifin, cewa mai ba ya narkar da shi sai dai ya lulluɓe shi, kuma maganinsa ruwa ne, ruwan da kowa ke sha.

Sojojin Birtaniya sun riga sun kama wannan hanya da gwaji, ko da ba su san dalilinta ba. A zamanin bindigar Lee-Enfield, irin wadda sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da dubban 'yan Najeriya, suka riƙa a yaƙin Bama, akwai mazurari na musamman mai lanƙwasasshen baki da ake ɗura tafasasshen ruwa da shi ta gindin bututu bayan harbi. Ruwan yana wanke gishirin, zafinsa kuma yana sa ƙarfen ya bushe da kansa. A cikin gindin bindigar akwai ɗan rami da aka ajiye kwalbar mai ta tagulla da igiya mai nauyi a baki, wadda ake ratsa ƙyalle a jikinta a ja ta cikin bututu. Tarayyar Sobiyet ta bi tata hanyar: kwalbar da take bai wa sojanta ɗaki biyu ce da murfi biyu, ɗaya na ruwa mai kaifin kanwa don wanke gishiri, ɗaya na mai. Littattafan horon sojan Amurka na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa sun umarci soja ya wanke bututu kwana uku a jere bayan harbi, domin gishirin da ya maƙale a ƙananan tsagogi ba ya fita a wanki ɗaya.

Kamfanonin farar hula sun fara sayar da harsashi mai ƙyastu marar gishiri tun ƙarshen shekarun 1920, sojan Amurka kuma ya kammala sauyawa a farkon shekarun 1950. Ƙasashen gabashin Turai da Sin sun ci gaba da yin mai gishirin shekaru masu yawa bayan haka, kuma tsofaffin akwatunan harsashin AK da suka fito daga masana'antun sojansu har yanzu suna yawo a duniya. Shi ya sa ƙa'idar da masu kula da makamai ke bi mai sauƙi ce: tsohon harsashin soja daga wannan yanki, in dai ba a tabbatar da akasin haka ba, a ɗauke shi mai gishiri.

Wani zai ce ai cikin bututun AK a shafe yake da kuromiyam, ba ya tsatsa. Gaskiya ne ga na Rasha da yawancin na Sin, kuma saboda wannan gishirin ne aka yi shafen. Amma ba kowace AK ke da shi ba. Samfurin M70 da Yugoslabiya ta ƙera wa sojanta, alal misali, ba a shafe cikin bututunsa ba. Ko a masu shafen ma, bututun iska da ke saman babban bututu da ƙofar da iskar ke shiga ba su da wannan kariya, kuma shafen kansa yakan cinye a wajen gindi bayan dubban harbi. Sunan da AK ta yi na cewa ba ta buƙatar wanki ya cuci AK da yawa. Mikhail Kalashnikov da abokan aikinsa ba su yarda da wannan zance ba, tunda sun maƙala sandar goge bututu a ƙarƙashin bututun, suka kuma ɓoye ɗan gwangwanin kayan wanki a cikin gindin bindigar.

Bindigar gargajiya, irin ta maharba da ta 'yan bindigar da ke amsa amo a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya, tana da irin wannan ciwo ta wata fuska. Baƙin albarushi yana barin fiye da rabin nauyinsa a matsayin toka, tokar kuma cike take da gishiri iri-iri masu jan danshi. Ruwan zafi da sabulu ne maganinta. Man da aka samo daga ɗanyen man fetur, idan ya haɗu da wannan toka a cikin zafi, yakan zama wani abu mai kama da kwalta.

Darasin Biyetnam

Babu labarin da ya nuna tsadar wannan al'amari kamar na bindigar M16, kuma labari ne da ya fi shafar masu zama a ofis fiye da masu riƙe bindiga.

Eugene Stoner ya tsara bindigar a ƙarshen shekarun 1950 a kamfanin ArmaLite, daga baya kamfanin Colt ya sayi haƙƙin ƙera ta. Tsarinta ya bambanta da na AK: siririn bututu ne ke ɗauko iskar harbi ya kai ta har cikin mazaunin sakata, don haka duk dattin albarushi a tsakiyar injin bindigar yake sauka. An gwada ta da wani albarushi na kamfanin DuPont mai ƙwayoyi dogaye, ta yi aiki lafiya. A shekarar 1964, saboda wahalar samar da wannan albarushi da yawa bisa ƙa'idojin da sojan ya gindaya, aka amince a koma ga wani mai ƙwayoyi zagayayyu na kamfanin Olin. Sabon ya fi barin datti, ya kuma sa bindigar tana gudu fiye da yadda aka tsara ta. Ba a shafe mazaunin harsashinta da kuromiyam ba. Sannan aka aika da ita dazuzzukan Biyetnam masu ruwa da danshi, ba tare da isassun sanduna da burushi da ruwan wanki ba, ga kuma zancen da ya bazu a tsakanin sojoji cewa bindiga ce mai wanke kanta.

Mazaunin harsashi ya yi tsatsa ya yi ramuka. Idan aka harba, kwanso ya kumbura ya maƙale a ramukan, ƙugiyar da ke jawo shi ta yage gefensa ta bar shi a ciki. Hanya ɗaya ta fitar da shi ita ce a zura sanda ta baki a tunkuɗo shi, sandar da sojoji da dama ba su da ita. A faɗan da aka gwabza a kan tuddan da ke kewaye da Khe Sanh a watannin Afrilu da Mayu na 1967, sojojin kundunbalar ruwa na Amurka sun rubuto wa iyalansu cewa an tsinci gawawwakin abokansu kusa da bindigogin da suka kwance suna ƙoƙarin gyarawa. Wasiƙun suka isa jaridu da zauren majalisa. Majalisar Wakilai ta kafa ƙaramin kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord na jihar Missouri, kuma rahoton da ya fitar a watan Oktoban wannan shekara ya ɗora babban laifi a kan sauya albarushin, ya kuma siffanta yadda hukumomin soja suka tafiyar da wani sashe na lamarin da sakacin da ya yi kusa da aikata laifi.

Gyaran bai zama wani abin al'ajabi ba. Aka shafe mazaunin harsashi da kuromiyam, daga baya har da cikin bututun. Aka ƙara nauyin ƙarfen da ke rage gudun sakata. Aka raba kayan wanki. Aka buɗe musu ma'aji a gindin bindigar. A shekarar 1968 sojan ya buga ɗan littafin koyar da wankin M16 cikin zane-zanen barkwanci na mai zane Will Eisner, don matasan sojoji su karanta shi da gaske. Zuriyar wannan bindiga ce ke hannun sojan Amurka har yau. Waɗanda suka sa hannu a takardar sauya albarushi da waɗanda suka bar kayan wanki daga jerin sayayya, babu ɗayansu da ya taka tuddan Khe Sanh a wannan watan.

Kwalabe da abin da ke cikinsu

Tsoffin sunaye biyu ne suka fi shahara. Hoppe's No. 9 ya fito a Amurka a shekarar 1903, kuma ginshiƙinsa kananzir ne da sinadarin etanol, da ɗan amoniya kaɗan, da wani sinadari mai ƙanshin ayaba wanda maharban can ke gane shi da hanci tun daga ƙofa. Yana da kyau ga kunkunniya, yana cin jan ƙarfe a hankali idan an bar shi ya jiƙa. Ballistol kuma kamfanin Klever na Jamus ne ya haɗa shi a shekarar 1904 don sojan ƙasar, wanda ya nemi mai guda da zai yi wa ƙarfe da katako da fata. Abin da ya bambanta shi shi ne yana gaurayuwa da ruwa ya yi fari kamar madara. Ruwan da ke cikin haɗin yana narkar da gishiri, idan ya bushe kuma ya bar siririn mai a kan ƙarfen. Ga mai harba tsohon harsashi ko baƙin albarushi, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Domin jan ƙarfe, amoniya mai ƙarfi ce tsohon makami, irin wadda ke cikin Sweet's 7.62 na ƙasar Ostireliya. Alamar aikinta a bayyane take: ƙyallen da aka tura yakan fito da launin shuɗi. Idan shuɗin ya daina fitowa, jan ƙarfen ya ƙare. Sai dai akwai tarko. Burushin tagulla shi ma jan ƙarfe ne a jikinsa, don haka wanda ke amfani da shi da wannan ruwa zai yi ta ganin shuɗi har burushin ya ƙare yana zaton daga bututu yake fitowa. Burushin roba ake sa wa. Masu yin irin wannan ruwa suna gargaɗin kada a bar shi a cikin bututu fiye da 'yan mintuna, kuma yakan bar ƙarfe tsirara, don haka tilas a share shi a bi da mai. Ba a gauraya ruwan kamfani biyu a bututu ɗaya. Akwai sababbin ruwan cin jan ƙarfe marasa amoniya, masu sauƙin wari, waɗanda suka fi dacewa da ma'ajiyar da ba ta da isassun tagogi.

Sojan Amurka, shekaru sama da arba'in ke nan, ya zaɓi ruwa guda mai aiki uku, wanda ake kira CLP: wanki, sulɓi da kariya daga tsatsa. Ba ya kai ruwan da aka yi don aiki ɗaya a kowanne daga cikin ukun, kuma jan ƙarfe kusan bai san da zamansa ba. Amma kwalba ɗaya ta fi uku sauƙin saye, sauƙin ɗauka, da sauƙin koyarwa, kuma ga jami'in da ke harba 'yan harsasai kaɗan a shekara da harsashi marar gishiri, ya wadatar. Maharbin gasa da ke neman harsasai biyar su shiga rami ɗaya daga mita ɗari yana da tasa buƙatar. Bindigar gadi ba ta cikin wannan gasa.

Akwai kuma abubuwan da hannu ya fi saurin kaiwa gare su inda babu ɗaya daga cikin waɗannan. Kananzir ba laifi ga kunkunniya, muddin an goge shi an bi da mai. Man keken ɗinki yana kare ƙarfe na ɗan lokaci. Fetur kuwa yana kwashe duk wani mai ya bar ƙarfe a buɗe ga danshi, kuma tururinsa a rufaffen ɗaki mai harsasai kiran gobara ne. Baƙin man da aka juye daga mota yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da tsami. Man gyaɗa da manja suna yin danƙo idan sun kwana biyu, su riƙe allurar bindiga ta kasa dukan ƙyastu da ƙarfi. WD-40, wanda aka ƙirƙira a San Diego a 1953 don korar ruwa daga jikin ƙarfe, yana da amfani bayan an wanke bututu da ruwa ko bindiga ta sha ruwan sama, amma ba ya maye gurbin mai. Ruwan wankin birkin mota yana iya cin roba da fenti, abin lura ga bindigogi irin Tavor da jami'an DSS ke riƙewa, waɗanda yawancin gangar jikinsu roba ce. Kowane irin mai mai ratsawa kuma a nisanta shi da harsashi, don yana iya shiga ya kashe ƙyastu.

Hunturu da damina

Ƙasar nan ba yanayi ɗaya ba ce, kuma bindigar da ke Fatakwal ba ta fama da abin da ta Maiduguri ke fama da shi. A bakin teku da yankin Neja Delta, danshi da iskar gishiri ne abokan gaba duk shekara. Can bututun da aka ajiye ba mai ba ya kai mako lafiya. A arewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu ce ke shiga kowace kafa, ta haɗu da man da ke bayan bindiga ta zama taɓo mai cin ƙarfe. Abuja tana ɗanɗana duka biyun bi da bi.

An daɗe ana koyar da cewa a ƙasar ƙura a bar bindiga kusan a bushe. Gwaje-gwajen da sojan Amurka ya yi a ɗakin ƙura na sansanin Aberdeen a tsakiyar shekarun 2000, lokacin yaƙin Iraƙi, sun nuna cewa bindigogin M4 da M16 da aka wadata sassan cikinsu masu motsi da mai sun fi waɗanda aka shafa wa kaɗan ƙarancin cijewa. Abin da ya fito daga nan shi ne rarrabewa: sassan da ke gogar juna a ciki su sami mai, bayan bindiga ya zama a goge, bututu da mazaunin harsashi kuma a share su kafin a fita aiki. Mai a mazaunin harsashi yana hana kwanso kama bango a lokacin harbi, sai duk ƙarfin ya koma kan sakata.

Hatsarin da ya fi tsatsa gaggawa shi ne toshewa. Ƙyallen da aka cusa a bakin bututu don hana ƙura aka manta da shi, ko laka, ko gidan da zanzaro ya gina a bututun bindigar da ta daɗe a jingine, kowannensu yana iya kumbura bututu ko ya tsaga shi a harbin farko, a gaban fuskar mai harbin.

Wankin kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Ana cire gidan harsashi, a ja sakata, a leƙa mazaunin harsashi da ido, a taɓa da yatsa, sannan a fitar da harsasai daga wurin aikin gaba ɗaya. Yawancin labaran bindigar da aka ce ta tashi da kanta ana cikin goge ta, a wannan mataki aka yi tsallake. A tura jiƙaƙƙen ƙyalle, a ba ruwan lokaci ya yi aikinsa, a bi da burushi har ya fita ta ɗaya bakin kafin a jawo shi, domin juya shi a tsakiyar bututu yana lalata shi. Sai busassun ƙyallaye har su fito da tsabta, sannan ɗaya mai ɗan mai. Inda tsarin bindigar ya ba da dama, ta gindi ake shigar da sanda, saboda gefen bakin bututu shi ne wuri na ƙarshe da ke taɓa harsashi, kuma ɗan cinyewa a gefe ɗaya ya isa ya karkatar da shi. A AK, wadda aka saba gogewa ta baki, murfin ɗan gwangwanin nan na gindi an huda shi ne don a kifa shi a bakin bututu sandar ta bi ta ciki. Da yawa suna ɗaukarsa murfi ne kurum. Goga fiye da kima da sandar ƙarfe mai datti ta lalata bututu da dama waɗanda harbi bai lalata ba.

Dattin da ke fitowa yana ɗauke da dalma, domin ƙyastun zamani marar gishiri yawanci da sinadarin dalma ake yin sa. Ƙasar da ta ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a shekarar 2010 ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a kan jami'in da ya goge bindiga da hannu tsirara, ya ci abinci bai wanke ba, ya kuma kai tsumman gida a aljihun kaki. Safar hannu ta roba da buɗaɗɗen taga suna cikin kayan aikin.

Abin da ke isa teburin ma'aikaci

Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja cikin rukunin da farar hula ba ya mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, don haka kusan duk irin waɗannan bindigogi da ke hannun halal a ƙasar nan kayan gwamnati ne: na soja, 'yan sanda, kwastam, shige da fice, gidajen gyaran hali, sibil difens da sauransu. Kula da su yana bi ne ta takardu irin waɗanda ke wucewa ta teburin masu karanta wannan shafi. Sayen bindiga babban aiki ne da ake yi wa biki da hotuna. Mai da ƙyalle da burushi kuwa suna cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, sashen da ya fi saurin shan wuƙa idan kuɗi suka yi ƙaranci, kuma burushi abu ne mai ƙarewa wanda sai an yi ta sabuntawa.

Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya ja hankalin jama'a a farkon 2022, ya ce makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a iya bayar da bayanin inda suke ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Daga baya rundunar ta yi jayayya da yadda aka fassara alƙaluman. Wannan muhawara ce a kan adadi. Bindigar da tsatsa ta cinye layukan bututunta tana nan a kan katako, lambarta ta dace da ta rajista, kuma mai ƙirga zai sa mata alamar cewa tana nan.

Ga jami'in da takardar neman sayen kayan wanki ta iso gabansa, tambayoyin da ke da amfani kaɗan ne, kuma mai kula da ma'ajiya yana iya amsa su. Wane harsashi rukunin ke harbawa, daga wace masana'anta, na wace shekara? Idan mai gishiri ne, CLP kaɗai ba zai yi ba, sai an haɗa da ruwan da ke narkar da gishiri da umarnin a sake duba bututu a kwanakin da ke biye. Wane faɗin bututu ne? Burushin milimita 7.62 na AK da G3 da FN ba ya shiga bututun milimita 5.56, na 5.56 kuma yawo yake yi a cikin babban ba ya goge komai. Ina za a kai kayan, Bayelsa ko Yobe? Sannan kwalbar da ɗan kwangila ya kawo, tana da takardar masana'anta mai bayyana sinadaran da ke ciki, ko kuwa kananzir ne aka rina aka liƙa wa takarda? Wannan na ƙarshen ana iya gwada shi a kan teburin ofis: a ɗiga ruwan da aka ce mai cin jan ƙarfe ne a kan guntun wayar lantarki da aka feƙe, a jira minti goma, a goge da farin ƙyalle a duba launinsa.